Ɗan Bahaushe Da Ranar Al'adu A Makarantun Kudu

Wannan ita ce laccar da wani tsohon malamin makaranta ya gabatar a gaban iyayen yara da shugabannin 'yan kasuwa a wata unguwar Hausawa ta Ikko. An buga ta ɗungum domin amfanin 'yan Arewa mazauna sauran garuruwan Kudu.



Duk wanda ke da takardar naira biyar a aljihunsa, ko da yake a yau ba ta sayen ko goro ɗaya, ya fito da ita ya dube ta da kyau. A fuskarta akwai hoton marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauci. In aka juya bayanta sai a ga masu rawar Nkpokiti ta ƙasar Ibo. A ɗauko ta naira goma kuma: a fuskarta Alvan Ikoku ne, mutumin Arochukwu, a bayanta matan Fulani ɗauke da ƙoren nono. Mutanen nan biyu duka malaman makaranta ne. Watau hukuma ta ga dacewar haɗa malamin makaranta da al'adar jama'a a takarda guda, ta sa al'adar Kudu a bayan ɗan Arewa, ta Arewa kuma a bayan ɗan Kudu. Maganar da ta tara jama'a yau ba ta yi nisa da wannan ba. Magana ce a kan abin da 'yan makaranta ke yi bayan an kaɗa ƙararrawar tashi, watau wasan kwaikwayo da muhawara da guje-guje da bikin al'adu, da kuma inda 'ya'yan 'yan Arewa suke in ana yin waɗannan abubuwa a makarantun Kudu.

A yawancin makarantun firamare da na sakandare na Ikko da Badun da Abekuta da Binin da Anaca da Fatakwal, na gwamnati da na kuɗi, akan ware rana guda a shekara a kira ta ranar al'adu. Ran nan ba a shiga aji. Akan kafa rumfuna a filin makaranta, a jera kujeru, a gayyato iyaye da manyan gari, kowace ƙabila kuma a ba ta lokacinta ta nuna abin da ta gada. Yaran Yarbawa su fito cikin saƙinsu da kalangunsu da gangar bata, yarinya 'yar shekara tara ta tsaya ta kwararo kirarin gidansu ba gargada, uwarta na gefe tana share hawaye. Yaran Ibo su fito da rawar atilogu, suna tsalle suna alkafura kamar ba ƙashi a jikinsu. 'Yan Binin su sha murjani tun daga ka har idon sawu, 'yan Kalaba su kawo tasu rawar mai kama da kaɗawar ruwa. Sa'an nan mai sanarwa ya ce saura Hausa.

To, a nan gizo ke saƙa. Sai a ga an turo wani yaro, sau da yawa ma ba ɗan Arewa ba, an zurma masa babbar riga ta aro tana jan ƙasa, an kifa masa malfa, an ba shi sanda ya saɓa a kafaɗa. Ya zagaya fili yana wani Turanci da aka karkace da gangan, yana kwaikwayon maigadi ko mai tsire ko mai bara. 'Yan kallo su yi ta dariya, a tafa, a wuce. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Abin da ya fi ciwo shi ne, a rajistar makarantar nan akwai su Audu da su Sani da su Hadiza, amma ran nan ba ko ɗayansu a filin. An ce da su tun da yau ba karatu su zauna gida, ko kuwa su tafi rumfa su taya tsaron kaya.

Ba adalci ba ne a ɗora wa malamar da ta shirya wasan laifin duka. Abin da take gani a bakin titi kullum shi ta sani, ba kuwa wanda ya taɓa zuwa ya nuna mata yadda ake naɗa rawani, ko ya faɗa mata akwai wani abu wai shi gaɗa. Kada kuma a cika ɗaga murya, gama cikin wasannin tashe na Hausawa su kansu akwai waɗanda ake kwaikwayon wasu ƙabilu ana yi musu ba'a. Wanda ya bar gurbinsa a fili, wani ne zai cika masa shi da abin da ya ga dama.

In aka zauna da uban yaran aka tambaye shi dalili, abin da yakan fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ai mu baƙi ne a nan, baƙo kuwa raɓa ne." Wannan magana ta dace da ɗan ci-rani, wanda ya zo bayan girbi zai koma kafin shuka. Ba ta dace da mutumin da aka haifi ubansa a Agege aka binne kakansa a Badun ba. Tun 1863 akwai Hausawa cikin 'yan sojan da Bature Glover ya tara a Ikko, waɗanda rundunar sojan Nijeriya ke ƙirga asalinta daga gare su. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya sauƙaƙa fataucin goro da shanu, unguwar Sabo ta Badun kuwa an kafa ta a 1916. Raɓar da ta shekara fiye da ɗari ba ta bushe ba ai ta tashi daga raɓa. Yaron da ke aji huɗu a Mushin yau, bisa ga dukkan alamu a nan zai nemi aiki, a nan zai yi aure, a nan zai jefa ƙuri'a, watakila ma a nan zai tsaya takarar kansila. Waɗanda za su zauna a ofishin ƙaramar hukuma da kotu da caji ofis nan da shekara ashirin, su ne yaran da ke tsere da juna a filin makaranta a halin yanzu. Sanin da aka yi a filin nan ya fi sanin da aka yi a aji daɗewa, domin a aji kowa allo yake kallo, a fili kuwa juna ake kallo.

Wani uban kuma cewa zai yi shi karatu ya kai ɗansa, ba wasa ba. Ya kamata wannan uba ya san irin makarantar da ta fito da mutanen da yake rataye hotunansu a kantinsa. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, ba ta taɓa ɗaukar wasa a bakin ɓata lokaci ba. A can Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a wasan fayis, ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, bai kuwa bar shi ba har bayan ya zama Firimiya. An san kwalejin da matsa wa ɗalibai kan lafazi da iya tsayawa a gaban jama'a a yi magana, daga nan ne kuma Tafawa Ɓalewa ya fito da muryar da duniya ta yi wa kirari da muryar zinariya.

Labarin Malam Aminu Kano ya fi kowane dacewa da wannan zance. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, a ƙarshen shekarun 1930, ya shiga rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana zolayar macuta na kasuwa da azzaluman ma'aikatan En'e, 'yan'uwansa ɗalibai suna fitowa suna yi, manya na zaune suna dariya, wasu kuwa dariyar ba ta kai ciki ba. Da aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci a 1942, bai tsaya ga alli da allo kaɗai ba, sai ya riƙa jan yara zuwa wasan kwaikwayo da muhawara da aikin sikawut. A garin ne kuma shi da Malam Sa'adu Zungur da Tafawa Ɓalewa suka riƙa zama a wani dandalin tattaunawa, har maganganun da ake yi a ciki suka fi ƙarfin hukuma aka rufe shi. Mutumin da daga baya ya riƙa tsayawa a kan tebur a kasuwannin ƙauye yana sa talaka ya ɗaga kai, a dandamalin makaranta ya fara koyon yadda ake riƙe hankalin taro. Da ubansa ya ce wasa ɓata lokaci ne, Allah kaɗai ya san abin da Arewa za ta rasa.

Mutanen Kudu sun riga sun gane haka tuntuni. Hubert Ogunde malamin makaranta ne kafin ya shiga ɗan sanda, ya kuma fito da wasansa na farko a 1944. Duro Ladipo ma malami ne. Wole Soyinka, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1986, tun yana Kwalejin Gwamnati ta Badun yake hawa dandamali. A Kwalejin Gwamnati ta Umuahia kuwa wani shugaban makaranta, William Simpson, doka ya kafa cewa a wasu ranaku na mako, in an tashi daga aji, ba ɗalibin da zai taɓa littafin darasi, sai dai ya tafi fili ko ya ɗauki littafin hira. Makarantar nan ce ta fito da Chinua Achebe da Christopher Okigbo da Elechi Amadi.

Akwai uban da nasa dalilin ya fi waɗannan nauyi, bai kamata kuma a yi masa dariya ba. Shi tsoron addini yake yi. Ya ji an ce ana sa yara su rufe fuska su yi shigar dodo, ana cakuɗa samari da 'yan mata a rawa, ana yin liyafar kammala karatu har dare, wani lokaci kuma ana buɗe taro da waƙoƙin da ba na addininsa ba. Wasu daga cikin waɗannan abubuwa suna faruwa, Musulmi kuwa yana da haƙƙin ya ce ɗansa ba zai yi su ba. Amma a ina zai faɗi haka? A taron ƙungiyar iyaye da malamai ake tsara abin da za a yi ran biki, a nan ake yanke kuɗin da kowa zai biya, a nan ake zaɓen wanda zai buɗe taro da addu'a. In aka leƙa irin wannan taro a makarantar da 'ya'yan Hausawa suka yi yawa ƙwarai, da wuya a ƙirga hula biyar. Wanda ya zo ya zauna ya ce 'yata ba za ta yi rawa da maza ba, amma za ta fito cikin 'yan'uwanta mata su yi gaɗa cikin sutura, ba hedimastan da zai ƙi saurarensa. Wanda ya kulle 'yarsa a gida kuwa bai hana kome ba, an yi bikin ba shi.

Musulmin Kudu ba su bi ta hanyar ƙaurace wa makaranta ba. 'Yan sakandare ne suka kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya a nan Ikko a 1954, a zamanin da yawancin makarantun kirki na mishan ne, ƙungiyar kuwa aikin bayan tashi ce kamar sauran. Maganar hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas ma, iyaye da ɗalibai ne suka bi ta kotu bayan kotu, shekara da shekaru, har Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a watan Yuni 2022. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Sakkwato ta fara a 1986, jihohin Kudu na tura 'ya'yansu, ita ma gasa ce ta 'yan makaranta. Malaman allo da ke zaune a nan sun fi kowa sanin cewa makarantarsu ba ta rasa nata bukukuwan ba. Mene ne allon zayyana da ake yi wa mai sauka, da tawada baƙa da ja da rawaya, in ba zane ba? Mene ne rera ishiriniya a watan Mauludi in ba horar da murya ba? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauye ta hannun jajis ɗinta. Da za a ɗauki allon zayyana guda ɗaya mai kyau a kafa shi a rumfar Arewa ran al'adu, a tsai da yaro ya bayyana yadda ake haɗa tawada da feƙe alƙalami, da ya ishi 'yan kallo abin magana har su isa gida.

Batun kuɗi kuma gaskiya ne. Wasu makarantun kuɗi sun mai da ranar al'adu da ranar tsere wata hanyar tatsar iyaye: kuɗin riga, kuɗin rumfa, kuɗin hoto, kuɗin abinci. Mai tura baro a kasuwar Mile 12, ko mai sayar da ruwa a kura, in yana da 'ya'ya uku a makaranta, ba ya iya wannan, kuma wunin da yaro bai zo rumfa ba hasara ce da ake ji a tukunya. Wannan nauyi ne da ya kamata jama'a su ɗauka tare, za a kuwa dawo kansa.

Yanzu ga abin da ya fi kome tada hankali, watau harshe. A shiga kowane gida a Idi-Araba ko Sabon Shagamu ko Ama Hausa ta Owerri a saurari yara suna wasa. Da Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka suke yi. Jin harshen masu gari alheri ne babba, ba mai hankalin da zai hana ɗansa. Amma Hausar da ta rage a bakin yaran ta aike ce kawai: kawo ruwa, rufe ƙofa, je ka sayo. Ba su san tatsuniya ba, ba sa gane karin magana, in an kai su gida da Salla sai su yi tsuru-tsuru a gaban kakarsu, 'yan'uwansu na yi musu dariya suna ce musu 'yan Kurmi. Yaro ya zama a Ikko ana ce masa aboki, a Katsina ana ce masa Bayarabe. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta tanadi cewa a ƙarfafa wa kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa, amma malaman Hausa ba su taɓa wadata a makarantun Kudu ba. Jihar Legas kuwa ta kafa doka a 2018, wadda ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta, na gwamnati da na kuɗi. Ba abin fushi a ciki. Masu gari sun tsare nasu ne. Tun da dai Hausa ba ta da sa'a a jadawalin darasi, wurin da ya rage mata shi ne bayan tashi, cikin ƙungiyar wasa da ta muhawara, da makarantun Islamiyya na unguwa ran Asabar da Lahadi.

Kayan aikin kuwa ba sai an ƙirƙiro ba, suna nan jibge. Tun a shekarun 1930 Dokta East ya buga wasanni shida da Hausa domin 'yan makaranta. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa. Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Ga Uwar Gulma ta Mohammed Sada. Ga littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni guda shida na Ibrahim Yaro Yahaya, na farkon shekarun 1970. Labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da yawansu malami mai basira zai iya mai da su wasan minti goma sha biyar, ya sa yaro ɗaya a gefe yana fassara wa 'yan kallo. Tashe kuma, wanda yara ke farawa in azumi ya kwana goma, shi kansa wasan kwaikwayo ne cikakke: ga Jatau mai magani da tarkacen saiwoyinsa, ga Mairama da Daudu inda 'yan mata ke kwaikwayon zaman aure. A tace waɗanda ke ɗauke da ba'a ga wasu, a ɗauki sauran. Langa ba ta bukatar kome sai fili da ƙafa ɗaya. Dara ramuka ne a ƙasa da 'yan tsinke. Kacici-kacici ba ya cin ko kwabo. Duk wata tsohuwa da ke unguwar nan littafi ce, ba a dai buɗe ta ba ne.

A nan ya kamata a ɗan ratse a yi wa wasu adalci. A Kudu duk wanda ya fito daga hayin Kwara sunansa Bahaushe, alhali cikin masu sauraren nan akwai Barebari da Nufawa da Fulani da Zabarmawa da mutanen Filato da na Adamawa. In an samu dama ran al'adu, kada Bahaushe ya yi wa waɗannan abin da ake yi masa. A bar ɗan Barno ya fito da hularsa da tasa gaisuwar, a bar 'yar Bida ta nuna tsakiya da aikin tagulla na garinsu, a bar Bafulatani ya nuna wa jama'a cewa pulaku ya wuce sanda da malfa. Maƙwabta za su yi mamakin jin cewa Arewa ba dunƙule ɗaya ba ce. Haka kuma sana'o'i. Yaro ɗan Ikko ya san mai tsire, amma bai san akwai marina a Ƙofar Mata ta Kano ba, bai san dukancin Sakkwato ba, bai san kwana nawa ake yi ana ɗinka hula ɗaya da allura ba. Ba wanda ya taɓa faɗa masa cewa bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, hawan Salla na Kano kuma ya shiga a 2024.

'Yan mata su aka fi cuta a wannan al'amari. Namiji ko an hana shi wasan makaranta zai sulale ya buga ƙwallo a lungu. Yarinya kuwa daga aji sai talla, daga talla sai gida. A Arewa da can tana da dandali, inda take koyon waƙa da tafi da iya mai da magana cikin tsararrakinta da farin wata. A ɗaki ɗaya na haya a Ajegunle ina dandali? Ƙungiyar muhawara ta makaranta da rana tsaka ake yin ta, a gaban malamai, ta fi bakin tasha tsaro nesa ba kusa ba. Yarinyar da ta saba tsayawa ta kare hujjarta a gaban mutum ɗari, ita ce gobe za ta iya tsayawa a asibiti ta yi wa uwarta bayani a gaban likita, ba a yi musu tsawa an kore su ba.

Ba a so a tuna baƙin labari a taron alheri, amma tilas ne. Rikicin Shagamu na watan Yuli 1999 ya taso ne daga al'amarin bikin Oro, wanda al'adar masu gari ta hana mata fita a lokacinsa, aka yi hasarar rayuka a can, aka kuma yi ramuwa a Kano. An ga na Idi-Araba a 2002, an ga na kasuwar Shasha ta Badun a 2021. Ba mai cewa wasan 'yan makaranta zai hana irin wannan, domin dalilansa sun haɗa da kasuwa da siyasa da talauci. Amma yaron da ya zauna ya ji abokinsa na bayyana mene ne Oro da ranakun da ake yinsa, ya san abin da zai faɗa wa uwarsa. Yaron Bayarabe kuma da ya karɓi sandar tseren ba-ni-in-ba-ka daga hannun Sani shekara uku a jere, in wata rana aka ce masa Hausawa kaza ne, akwai fuskar da za ta faɗo masa a rai. Rashin sani ya fi dare duhu, a kowane ɓangare.

Bayan yaƙin basasa Gwamnatin Tarayya ta yi nata ƙoƙarin ta wannan fuska. Ta ƙara yawan kwalejojin tarayya inda ake haɗa yara daga kowace jiha, ta kafa aikin bautar ƙasa a 1973, ta fara gasar wasanni ta ƙasa a shekarar nan, sa'an nan ta karɓi baƙuncin bikin FESTAC daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, aka yi hawan daba a Kaduna, aka nuna fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya daga littafin Tafawa Ɓalewa. Amma gwamnati ba za ta zo makarantar firamare ta bayan kasuwa ta koya wa Hadiza gaɗa ba.

Saura maganar wanda zai ɗauki nauyi. A unguwar nan akwai ƙungiyar 'yan shanu, da ta 'yan goro, da ta 'yan gwari, da ta 'yan canji, da ta direbobin manyan motoci, kowace kuwa tana da asusu. Ana tara kuɗi don naɗin sarauta da tarbar baƙi, ba a jin nauyi. Abin da ake bukata a nan bai kai rabin wannan ba: riguna da huluna da zannuwa masu kyau kamar kashi goma sha biyu, daidai jikin yara, a ajiye su a gidan Sarkin Hausawa, duk makarantar da ke biki ta aiko a ba ta aro ta dawo da su. Kalangu biyu da ƙwarya huɗu. Littattafan da aka ambata, ko da kofi bibbiyu. Ɗan abin sabulu ga mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa zama da yara ran Asabar. Masu bautar ƙasa 'yan Arewa da ake turowa makarantun Kudu kowace shekara, da yawansu suna nan ba su san kowa ba, in aka neme su a masallacin Juma'a aka karrama su za su yi da murna. 'Ya'yan marasa hali kuma a biya musu kuɗin bikin daga asusun, ba tare da an kira suna a lasifika ba. In wani attajiri na son sunansa ya daɗe, ya sayi kofi ya kai makarantar unguwa a riƙa gasar muhawara ko ta tsere a kansa kowace shekara, kamar yadda attajiran masu gari ke yi.

Abu guda ne ba a iya saye da kuɗin ƙungiya, shi ne uba ya rufe rumfarsa sa'a uku ya sa rigarsa ta Salla ya je ya zauna a kujerar da aka ajiye masa, uwa ma a bar ta ta je. Makarantu kan fitar da jadawalin zango tun makon farko na komawa hutu. Ya kamata kowace majalisar Sarkin Hausawa ta wakilta mutum biyu masu jin Turanci da harshen gari, su zagaya makarantun da yaran unguwa suka fi yawa a ciki, su gaida hedimasta, su karɓo ranar da za a yi bikin al'adu da ranar taron iyaye, a sanar da su a masallatai bayan sallar Juma'a. Shirya wasa ɗaya mai kyau da yaran da Hausarsu ta yi rauni yakan ci kamar mako shida, saboda haka in an ce bikin a zango na biyu ne, tun kafin hutun zango na farko ya kamata a raba wa yara abin da kowa zai haddace.

Allah ya shirya zuriya, ya zaunar da ƙasa lafiya.